Warin fetur a cikin gida: Darasin da babur ɗina ya koya mini

 Kun saba ji ina magana a kan hawan jini da zazzaɓin cizon sauro da yadda ake ba yara magani bisa ƙa'ida. Yau kuwa batun babur zan yi muku. Ina roƙo kada ku yi saurin juya shafi, domin maganar ta shafi numfashin ɗana, ta kuma shafi duk gidan da ake kwana da babur ko janareta a cikinsa.

Ba ku manta ba, a ranar 29 ga Mayu, 2023 ne Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki litar da muke saye ƙasa da Naira 200 ta koma wajen Naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura Naira 1,000 a wurare da dama. Mu a nan Ibadan muke zaune, kusa da Sabo, kantin maganin da nake aiki kuma yana can wajen Bodija. Da muka yi lissafi ni da maigida, sai muka ga mota za ta cinye rabin albashina. Muka ajiye ta sai in za a fita da iyali, ya saya mini ƙaramin babur irin wanda muke ce wa roba-roba, ɗan Kwatano, wanda mutanen nan suke kira tokunbo. Tankinsa lita shida yake ci, in na cika shi kuma yakan kai ni mako guda.

Gidanmu na haya ne, bene mai hawa ɗaya, mu ne a ƙasa. Saboda tsoron ɓarayi, kullum da yamma nakan turo babur ɗin cikin lungun da ke ƙarƙashin matakala in kafe shi a nan. Tagar ɗakin yarana ta wannan lungu take shan iska. Taku kaɗan daga wurin maƙwabciyata take ajiye risho, wanda take kunnawa duk ranar da gas ɗinta ya ƙare. Duk wannan a gaban idona yake kullum, amma ban taɓa tsayawa na haɗa su wuri ɗaya a tunanina ba.

Ɗana na fari shekararsa shida, kuma yana da asma. Wajen ƙarshen Fabrairu, lokacin da zafin Ibadan ya kankama kafin saukar ruwa, sai ya fara tari da daddare fiye da yadda ya saba. Abin shaƙarsa na salbutamol da a da mukan yi makonni ba mu taɓa ba, sai ga shi muna ɗaukowa sau biyu ko uku a mako. Na zargi ƙura, na zargi darduma, na hana kunna turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi. Ƙanwarsa ma ta fara cewa kanta yana ciwo da safe, na ce ƙiwar makaranta ce.

Ana cikin haka ƙanwar maigidana ta kawo mana ziyara daga Zariya. Ko jaka ba ta ajiye ba ta ce, "Anti, wai fetur kuke sayarwa a gidan nan?" Na yi dariya na ce wane irin fetur kuma. Ta ce wallahi tun daga bakin ƙofa warin ya bugi hancinta. Ni kuwa ba na jin komai. A makaranta an koya mana cewa hanci yakan gaji da warin da ya daɗe yana ji, har ya daina kai wa ƙwaƙwalwa rahoto. Na san wannan a takarda, amma sai da baƙuwa ta zo na gane cewa ya faru da ni da mutanen gidana gaba ɗaya.

Washegari na ture babur ɗin gefe, sai ga tabo a siminti kamar faɗin faifai. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinsa, kafin in gama shirya yara kwalin ya jiƙe a wuri ɗaya. Gabana ya faɗi, domin na san abin da fetur yake. Tururinsa ya fi iska nauyi kamar ninki uku zuwa huɗu, saboda haka ba ya tashi sama ya watse, ƙasa yake bi ya taru a lungu da kwata. In ya kai wajen kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da wuta. Kananzir sai ya ɗan ɗumama kafin tururinsa ya kama, fetur kuwa ko a cikin sanyin ƙanƙara yana fitar da tururin da zai kama. Dukkanmu mun yi jimamin mutane fiye da 150 da suka rasu a gobarar tankar mai a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, amma ɗan ɗigon da ke cikin gidajenmu ba ma ɗaukar sa a bakin komai.

Ban tayar da injin ba, turawa na yi har wurin wani matashin bakanike a bakin layinmu. Na ce masa mai yana zuba. Bai tambaye ni komai ba ya ce kafireta ce. Ya kwance ta, ya wanke, ya canza allurar da ke tsayar da mai in kofinta ya cika, na biya na tafi. Kwana huɗu babu ɗigo, har na saki jiki na mayar da babur ɗin lungunsa. Ranar Juma'a na sha mai, da daddare wari ya dawo.

Na koma wurinsa ranar Asabar. Wannan karon ya leƙa ƙasa ya ga wani siririn tiyo da mai ke ɗiga ta bakinsa. Ya ce, "Hajiya, ai wannan tiyon ba shi da wani amfani." Ya samo ƙusa mai kauri ya cusa a ciki ya ɗaure da waya. Zuba ta tsaya, ni ma na yi murna. Ranar Litinin ina dawowa daga aiki, daf da shataletalen Mokola, babur ya fara shiƙa kamar mai ya ƙare, ya mutu a tsakiyar titi, motocin Micra na ta danna mini hon ta baya. Da ƙyar na ja shi gefe jikina na rawa.

Wani ɗan acaɓa Bahaushe ya tsaya ya ce, "Hajiya, buɗe tankin mu ga ko mai ne ya ƙare." Ina murɗa murfin sai muka ji tankin ya zuƙi iska, fuuu. Mai kuwa ga shi nan fiye da rabi. Na danna sitata, babur ya tashi kamar ba shi ba. Ɗan acaɓan ya girgiza kai ya ce an yi mini gyaran gangar Auzinawa, ya kwatanta mini garejin wani dattijo a cikin Sabo.

Dattijon Bayarabe ne, amma Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Abin da ya ba ni mamaki shi ne bai taɓa sifana ba sai da ya zaunar da ni a benci ya yi mini tambayoyi.

"Yaushe yake zuba, kullum ko wani lokaci?"

Na yi tunani na ce, "Baba, kamar ranar da na sha mai ne da washegarinta."

"In mai ya yi rabi fa?"

"Ba ya zuba."

"Yana yi miki gardamar tashi in kin fito daga gidan mai?"

"Ƙwarai kuwa, sai na yi ta danna sitata."

"To 'yata, yaya kike shan mai?"

Nan na yi shiru. Tun da mai ya yi tsada na koyi wata ɗabi'a. In mai zuba man ya tsaya, sai in ce ya ƙara. In girgiza babur ɗin, in karkata shi, a ƙara ɗurawa har sai na ga mai ya taɓo leɓen tanki. A ganina hakan zai rage mini yawan zuwa layi, kuma ba zan bar ko canjin Naira hamsin a gidan mai ba. Daga nan in je in kafe shi a rana a gaban kanti, a kan jak ɗin gefe, har yamma.

Baba ya yi murmushi, ya sa yaronsa ya kwance robar gefe. Ya nuna mini wani baƙin gwangwani na roba, bai kai gwangwanin maltina girma ba, da tiyo uku a jikinsa. Ya zare ƙusar nan, mai ya tsiyayo. Ya ciro gwangwanin ya ɗora mini a tafin hannu, na ji shi da nauyi, yana ta ƙarnin fetur. Ya ce gawayi ne a ciki.

Ga yadda abin yake, kamar yadda ya bayyana mini kuma na bi diddigi daga baya. Fetur kullum cikin fitar da tururi yake, musamman in ya ji zafi. A tsofaffin babura tururin yakan fita ta wata 'yar ƙofa a murfin tanki ya bi iska. A sababbi da yawa an rufe wannan hanya saboda dokokin kare muhalli. A Tarayyar Turai misali, ƙa'idar da ake kira Euro 4 ta fara aiki a kan sababbin samfuran babura daga 2016, kuma ta haɗa da gwajin tururin mai. Saboda haka sai aka jawo tiyo daga saman tanki zuwa wannan gwangwani, gawayin ciki ya riƙa kama tururin yana ajiyewa. In an tayar da inji, tiyo na biyu ya zuƙe tururin ya kai shi inji a ƙone shi tare da mai. Tiyo na uku shi ne hancin tsarin baki ɗaya: ta nan iska mai tsabta take shiga, ta nan kuma tanki yake numfashi yayin da mai ke raguwa. A kan hanyar akwai wani ƙaramin bawul da ke rufewa in babur ya faɗi, don kada mai ya kwarara.

An yi gwangwanin ne domin tururi, ba domin ruwan mai ba. Masu ƙera tanki sukan bar fili a samansa da gangan, domin fetur yana kumbura in ya ɗumama, kusan kashi ɗaya cikin ɗari a duk digiri goma. Man da ke fitowa daga rumbun ƙarƙashin ƙasa da ɗan sanyinsa yake zuwa. In lita shida ta ƙara digiri 15 a cikin rana, za ta ƙaru da wajen mililita 90, wato kusan cikin kwalbar maganin tarin yara. Ni kuma na cike filin da aka bar masa. Ba shi da wurin zuwa sai cikin tiyon tururi, ya gangara ya jiƙa gawayin, ya ɗigo ta tiyo na uku. Gardamar tashi kuma ta samo asali ne daga ɗanyen man da inji yake zuƙowa daga gwangwanin, ya yi masa yawa. Da aka toshe tiyon da ƙusa sai tanki ya kasa shan iska, mai ya kasa sauka, shi ya sa babur ya mutu a Mokola.

Na ji kunya ƙwarai, wanzami ba ya son jarfa. Ni ce kullum nake faɗa wa iyaye mata cewa in an ce mililita biyar, biyar ake nufi, ƙari ba ya sa yaro ya warke da wuri. Ni ce nake yi wa mutane faɗa in sun zo sun ce a haɗa musu maganin taifot da maleriya ba tare da gwaji ba. Ga shi na ɗura wa babur fiye da ma'auninsa, na kuma amince a canza masa kaya ba a tambayi tarihin ciwon ba. Garin neman gira na kusa rasa ido. Man da nake ganin na ci riba a siminti yake ƙarewa, tururinsa kuma a ɗakin 'ya'yana.

Gawayin ma ba baƙona ba ne. Ɗan uwan wanda muke ajiyewa a kanti ne, wanda ake ba wa wanda ya sha wasu nau'o'in guba a asibiti. Sarrafa shi ake yi ya zama cike da ƙananan ramuka, har giram ɗaya yakan samu faɗin da ya haura murabba'in mita 500 a cikinsa. Amma kowane soso yana da iyakar abin da zai sha.

Gyaran bai ci kuɗi sosai ba. Baba ya hura tiyoyin ya tabbatar babu wanda ya toshe ko ya lanƙwashe, ya girgiza bawul ɗin ya ji ƙwallon ciki yana motsi, ya duba robar murfin tanki. Ya ce in da gawayin bai lalace ba, za a iya shanya gwangwanin a inuwa, a fili, nesa da wuta, na wasu kwanaki. Nawa kuwa ya fara zubar da baƙin gari, don haka ya samo wani ya sa. Na tambaye shi ko a cire shi gaba ɗaya a huta, kamar yadda wasu suke yi. Ya ce, "Kin ce a cikin gida kike ajiye shi, kusa da yara. In na cire, ina tururin zai tafi?" Ban sake cewa komai ba.

Yanzu ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. In ka ji warin fetur a inda kake ajiye babur, kada ka tayar da shi, kada ka kunna ashana ko kyandir don dubawa, kada ka taɓa makunnin lantarkin da ke wurin. Tura shi waje, ka buɗe ƙofofi da tagogi, ka zuba yashi a kan abin da ya zuba ka kwashe. Kada ka kora shi cikin kwata da ruwa, domin fetur a saman ruwa yake tafiya, ya kai haɗarin ƙofar maƙwabci.

Bayan haka ka zama mai lura kafin ka je gareji. Shimfiɗa kwali ka ga daidai inda yake ɗiga, ka bi tiyon da ido ka ga inda ya fito. In zubar tana zuwa ne bayan an cika tanki ko an bar babur a rana ko ya faɗi, sannan ta tsaya in mai ya ragu, to a duba hanyar tururi da gwangwanin gawayi, in babur ɗinka yana da shi, domin ba kowane ne yake da shi ba. In daga tiyon ƙasan kafireta yake fita ko da mai kaɗan ne a tanki, an fi zargin allurar kafireta. In jikin tiyon mai ne yake jiƙewa, ƙila ya tsufa ya tsage ko maɗaurinsa ya saki. In kuwa babur yana mutuwa bayan 'yar tafiya, ka buɗe murfi ka ji ya zuƙi iska, to hanyar numfashin tanki ce ta toshe. Duk wanda ya ce zai toshe maka tiyo da ƙusa, ka ce ya fara gaya maka aikin tiyon. A gidan mai kuma, in mai ya kai ƙasan wuyan tanki ko alamar da aka yi, a tsaya. Ban da girgizawa, ban da "ƙara kaɗan".

Ta fuskar lafiya, shaƙar tururin fetur tana kawo ciwon kai da jiri da tashin zuciya da ƙaiƙayin ido da maƙogwaro, tana kuma iya tayar wa mai asma da ciwonsa. A cikin fetur akwai sinadarin benzin, wanda cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, musamman ta jini, ga wanda ya daɗe yana shaƙa. Yara sun fi mu kusa da ƙasa inda tururin yake taruwa, kuma sun fi mu saurin numfashi. In mai ya zuba a jiki a cire tufafin a wanke da ruwa da sabulu. In ya shiga ido a yi ta zuba ruwa mai tsabta na minti 15, sannan a je asibiti.

Akwai wani abu da nake gani a kanti wanda ba zan rufe wannan rubutu ban ambata ba. Da yawanmu muna ajiye fetur ko kananzir a gorar ruwa ko ta lemo, yaro ya gani ya ɗauka abin sha ne. In hakan ta faru, don Allah kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Babban haɗarin shi ne man ya sarƙe shi ya shiga huhu, ɗan kaɗan ya isa ya ƙona huhun, amai da ɗure kuma su ne suke buɗe wannan ƙofa. Ko gawayin asibiti da na ambata ba a bayar da shi a irin wannan hali. A cire masa kayan da suka jiƙe a garzaya da shi asibiti ko da yana wasa, domin wahalar numfashi takan iya bayyana bayan sa'o'i. Manya ma a daina zuƙo mai da baki ta tiyo daga tankin mota ko janareta.

A gidanmu yanzu babur a tsakar gida yake kwana, a fili, ɗaure da sarƙa a jikin ƙarfen tankin ruwa. Mun yi magana da mai gidan hayar da maƙwabta, aka mayar da jarkokin man janareta wani ɗan keji a bayan gida, nesa da wurin girki. Tarin ɗana ya lafa cikin mako biyu, abin shaƙarsa ya koma cikin durowa, mun kuma kai shi wurin likitansa an sake duba shi. 'Yar tawa da na ce ƙiwar makaranta take yi, na ba ta haƙuri.

Kafin ka kwanta yau, ka fita waje ka sha iska na minti goma, sannan ka dawo ka tsaya a inda kuke ajiye babur ko janareta ka shinshina. In kana da baƙo, tambaye shi abin da hancinsa ya ji da ya shigo, kuma kada ka ji haushin amsar da zai ba ka.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.